Yadda Aka Tantance Ni Saboda Jirgin da Ban Hau Ba

Gwiwa ce ta kai ni Malesiya. Ina faɗa tun da wuri don kada wani ya ɗauka karatu na je, ko gwamnati ce ta tura ni taro. Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, sauran a bayan sitiyari na yi shi. Likita a Kano ya ce sai an buɗe gwiwar an sa mata ƙarfe, mutumin da ke karatu a Kuala Lumpur kuma ya aiko cewa a zo a yi a can. Na tafi da 'yar jaka, da niyyar ba zan daɗe ba. An gama aiki ke nan, ina koyon takawa da sanda, sai korona ta iso. Aka rufe ƙasa, aka tsayar da jirage, ni kuma aka rufe ni can ƙololuwar wani dogon bene a unguwar Setapak.

Mutumin da na ce, ɗana ne na fari. Wannan layin ma sai da na waiwaya kafin na rubuta shi. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yabonsa, ba a zama hira da shi kamar abokin majalisa. Haka na ga ubana ya yi da yayana, haka ni ma na yi. Ana yaye shi yayan nawa ya zo ya ɗauke shi zuwa Zariya. Shi ya sa shi makaranta, sunansa ya bayar a gurbin uba, shi yaron yake ce wa Baba har Allah ya karɓi abinsa. Ni Alhaji yake ce min, kamar kowa a layinmu. Akwai wani mai shayi a bakin tasha mai suna irin nasa. Shekara da shekaru ina shan shayin bawan Allah nan, ban taɓa wuce "mai shayi" ba.

A Kano wannan tsarin ba ya ba kowa wahala. Akwai zaure, akwai tsakar gida, akwai ƙofar gida. In ya zo hutu ya durƙusa daga nesa, ka ce an iso lafiya kana kallon bango, ya tashi ya tafi wajen ƙannensa. A Setapak kuwa ɗaki biyu ne da falo da banɗaki ɗaya. Ka fito da asuba ka yi kiciɓis da shi a ƙofar banɗakin, shi ya ja baya, kai ka ja baya, banɗakin ya zauna ba kowa. Matarsa ce ta rufa mana asiri. Yarinya ce mai kaifin baki da ladabi a haɗe, ita ma karatu take yi a can. Sai in ce mata, "Ki gaya wa mai gidan nan maganina ya kusa ƙarewa," alhali mai gidan yana zaune a kujerar da ke kallon tawa. Ita kuma ta juya ta gaya masa, fuskarta ba alamar dariya.

Karatun da gwamnati ta tura shi na injin jirgin sama ne. Amma akwai wani abu da yake yi a gefe, wanda ban sani ba sai da kulle ya haɗa mu. Yana koyon tuƙin jirgin da kansa, a wani ƙaramin filin jirgi da ke bayan gari. Da aka rufe filin sai ya manna hoton gaban jirgi a bangon falo, mai agogo-agogo da maɓallai, ya ja kujerar cin abinci ya zauna yana taɓa iska, yana magana shi kaɗai da Turanci. Mutum da furfura ta fara leƙo masa a gemu. Rana ta farko da na gani na kira matar gefe na tambaye ta ko akwai mai yin ruƙiyya a unguwar.

"Baba, tuƙi yake yi," in ji ta.

"To Allah ya sauke shi lafiya. Ki ce ya kula da firij, yana gabansa."

Da aka sassauta kulle aka buɗe filin, sai magana ta taso. Ashe sama ma unguwa-unguwa ce. Akwai inda ba a bi: saman barikin soja, saman gidan sarauta, kusa da dogayen benayen tsakiyar gari. Filin nasu kuma yana daf da irin waɗannan wurare, ka tashi ka ɗan karkata ka faɗa inda ba a gayyace ka ba. Saboda haka duk wanda zai tashi shi kaɗai daga nan, musamman baƙo, sai masu tsaro sun tantance shi sun ba shi kati. Shi kuwa abin da ya rage masa ke nan, ya tashi shi kaɗai ya je wani gari ya dawo, a ba shi lasisi. Karatunsa kuma ya zo ƙarshe, dole ya koma gida kafin shekara ta fita. In bai samu katin ba kafin nan, duk abin da ya koya ya tsaya a bangon falo.

An ɗauki yatsunsa, an ɗauki hotonsa, an tambayi makarantarsa. Sai suka ga akwai wani tsoho da ke zaune a gidan wata da watanni, wanda mutumin ya ce ubansa ne, amma sunan uban da ke fasfonsa daban. Suka ce suna son ganin tsohon.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na yi tuƙin babbar mota daga Kano zuwa Legas har gashina ya yi fari, ba hukumar da ta taɓa neman jin ra'ayina a kan komai. Ga shi yau wata ƙasa guda tana jira. Matar ta ce za ta zauna kusa ta riƙa fassara. Na ce mata Turancin da na yi da wani Balarabe ɗan Labanan da na tuƙa tun kafin a haife ta bai ruɓe ba.

Saboda cutar, ta kwamfuta aka yi ganawar. Na sa babbar riga mai aiki da hula zanna, daga ƙugu zuwa ƙasa kuma zanen barci, tunda gwiwa ba ta son wando kuma kwamfuta ba ta ganin ƙasa. Mutumin ya zauna can gefe, inda rabin kafaɗarsa kawai ke fitowa. Sai ga wata mata ta bayyana, da ɗankwali mai ruwan toka da tabarau, ta yi min sallama irin tamu, ta ce min Tuan Haji. A can haka ake girmama wanda ya je Makka. Na gyara zama.

"Tuan Haji, wannan da ke kusa da kai, me yake a wajenka?"

"Ɗan yayana ne."

Ta duba takardar gabanta. "Shi ya ce kai ne mahaifinsa."

"Haka mutane ke cewa."

Ni a wajena amsa ce mai kyau, wadda in dattijo ya ba da ita a gaban dattawa za a jinjina kai. Ita sai ta rubuta wani abu. Ta ce in faɗa mata cikakken sunansa. Na ce ai yana nan a takardar da ke gabanta, na hango shi ma daga nan. Ta ce daga bakina take son ji. Na yi tari. Na tambaye ta ko an yi ruwa a wajensu, don nan Setapak tun safe ake yi. Ta ce an yi. Ta jira. Ni ma na jira. Na fi ta sanin jira, na yi layin mai a zamanin soja. Ita ce ta gaji ta wuce gaba.

"To yaya halinsa?"

Nan na samu fili. Mutum mai mutunci ba ya zama gaban baƙuwa ya ce ɗansa na kirki ne, wannan aikin marasa kunya ne, kuma baki yana kama yaro. Abin da ake yi shi ne a ɗan kushe shi, mai sauraro ya gane da kansa ya ce a'a Alhaji, ai yaron kirki ne, kai kuma ka ce to Allah ya sa. Haka na jera mata da Turancina mafi tsada. Na ce taurin kai gare shi. In ya sa abu a ransa, duk garin nan ba mai hana shi. Na ce ba ya magana, sai ka zauna da shi wata guda ba ka san abin da yake ƙullawa a ciki ba. Don in ƙara armashi na ba ta labarin da yayana ya taɓa ba ni muna dariya: tun yana yaro a Zariya yake tsallake shingen filin jirgi ya shiga ya ɓuya a ciyawa, masu gadi su kore shi, washegari ya sake komawa.

Na jira ta ce a'a Alhaji. Ba ta ce ba. Rubutu kawai take yi, har sai da ta juya takarda. Rabin kafaɗar da ke gefe ta bar motsi. Daga kicin na ji cokali ya faɗi ƙasa.

Ta yi min godiya, ta yi sallama, fuskarta ta ɓace. Na ce wa matar gidan ta lura ko sau ɗaya ban nemi fassara ba.

"Na lura, Baba," in ji ta.

Bayan 'yan kwanaki saƙo ya zo. An dakatar da maganar katin. Ana son ganinsa da tsohon, ido da ido, a ofishin tsaro na filin. Mutumin ya karanta ya ajiye. Ya ci abincinsa, ya yi sallarsa, ya kawo min maganina a kan lokaci. Da la'asar na fito falo na tarar bangon fayau, an cire hoton, sai tabon abin mannawa a kusurwa huɗu.

Washegari, da ya fita sayo kayan miya, matar ta zo ƙofar ɗakina ta durƙusa. Duk ranar da ta durƙusa har ƙasa na san akwai shari'a.

"Baba, in yi tambaya?"

"In ba ta kuɗi ba ce."

"Da kana tuƙi, a ce an kawo maka yaron mota. Ka tambayi wanda ya kawo shi, wane ne wannan, ya ce shi ma bai tabbata ba. Ka ce yaya sunansa, ya ce ana ruwa. Ka ce yaya halinsa, ya ce ba a sanin abin da ke ransa kuma yana tsallake katanga. Za ka ba shi makulli?"

"Ko bokitin wanke mota ba zan ba shi ba."

"To jirgi ne, Baba. Kusa da barikin soja."

Na ce ai ita ofisar ya kamata ta gane, musulma ce, da ɗankwalinta. Ta ce musulma ce amma ba 'yar Kano ba ce, kuma ba a ɗauke ta aiki don ta gane ba, an ɗauke ta don ta ji ta rubuta. Na ce to in rubuta mata sunan a takarda mana, hannu ai ba baki ba ne. Ta ce a rubuce suna da shi tuntuni. Abin da ba su da shi shi ne tsohon da zai ce wannan nawa ne.

"Ke yanzu sai ki iya kiran sunan naki ɗan farin in Allah ya kawo?"

"Da lasifika ma, Baba."

"Duniya ta ƙare."

"Ba ta ƙare ba, saura wata uku da 'yan kai ta ƙare masa shi."

Ta tashi ta bar ni da wannan.

Na kira gida. Na san uwarsa ta fi ni riƙo da wannan al'ada, ita ko hotonsa aka miƙo mata sai ta kawar da kai ta ce a ajiye a can. Na tabbata za ta goyi bayana. Na ba ta labari tun daga farko, har da yadda Turancin ya fita sumul. Ta saurara, ina jin kaji a bayanta.

"Ni dai ba zan iya faɗa ba," in ji ta.

"Yauwa."

"Amma ni ba a tambaye ni ba. Kai da ka sa babbar riga ka je, sai ka ƙarasa. Kuma maganar shingen nan wa ya aike ka?"

Na ce layin ba ya da kyau, na kashe.

Na gwada, Allah ya sani. Na shiga banɗaki na buɗe famfo don ƙara, na tsaya gaban madubi. Sunan ba mai wuya ba ne, ni na raɗa masa shi a kunne da bakina ranar da ya zo duniya, daga nan ban sake ba. Sai in buɗe baki, harshe ya kama hanya, ya zo daidai haƙora ya ja birki. Na yi ta yi har aka ƙwanƙwasa ƙofa a hankali, aka tambaya ta bakin matar ko cikina ne.

Ranar zuwa muka kira mota ta waya. Shi ya zauna gaba, ni baya, kowa da takunkumi a fuska. Ban taɓa son takunkumin nan ba sai ran nan, don ya raba ni da neman inda zan ajiye fuskata. A ƙofar filin aka ɗora mana abin awon zafi a goshi, aka fesa mana ruwan wanke hannu mai warin asibiti. Na hango jiragen a jere. Na ɗauka zan ga manya irin wanda ya kawo ni. Ashe 'yan mitsi-mitsi ne, a-daidaita-sahu da fukafukai, wani ma an ɗaure shi da igiya a ƙasa kada iska ta tafi da shi. Na ce a raina, a kan wannan ake neman tona min asiri.

Ofishin ƙarami ne, tebur ɗaya, an kafa gilashin roba a tsakiya saboda cutar, fanka na juyawa a sama. Ofisar ta fi yadda na gan ta a kwamfuta gajarta, amma tabarau ɗin nan yana nan yadda yake. Kafin mu zauna mutumin ya yi mata magana a hankali, ya roƙi a bar shi ya jira a waje. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce boleh, wato an yarda. Ya fita ya ja ƙofa. Sai a lokacin na gane ba ni kaɗai abin ya dama ba. Shi ma bai san inda zai sa kansa ba in ya ji.

Na yi mata bayani. Wannan karon na ajiye Turanci mai tsada na ɗauko na tasha, mai haɗe da hannu. Na ce a wajenmu na fari kamar rana yake, kana amfana da shi amma ba ka ƙura masa ido. Na gaya mata yayana, da Zariya, da yadda sunan uba ya zama na wani a takarda. Ta saurara ba ta katse ni ba. Ta ce su ma a ƙauyen kakarta ba kasafai ake kiran yara da sunan yanka ba, kowa da laƙabinsa gwargwadon zuwansa duniya. Na ce alhamdu lillahi, ashe 'yar gida ce. Na fara laluben sandata.

"Na fahimta, Tuan Haji," in ji ta. "Yanzu faɗa min sunansa."

Na koma na zauna.

A waje wani ya tayar da injin jirgi, ƙara ta cika wurin har gilashin yana rawa. Na ce wannan daga Allah ne. Na sunkuyar da kai na faɗi sunan cikin takunkumi, a hankali, yadda ko gemuna bai ji sosai ba. Ta kara hannu a kunne. Na sake, na ɗan ƙara. Ta nuna fanka, ta nuna gilashi, ta nuna waje, ta girgiza kai. Raina ya ɗan ɓaci. Na ce tunda abin ya zama haka, bari in yi mata irin kiran da nake yi wa yaron mota daga kan gada in yana can ƙarƙashi yana shan rake. Na cika ƙirji na sake shi gaba ɗaya, sunan yanka da nawa a bayansa.

Mai injin nan, ko wane ne shi, daidai lokacin ya ga damar kashewa.

Sunan ya fita a cikin shiru, ya bugi bango, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya shiga baranda. Kafin in rufe baki na ji an ce, "Na'am."

Ƙofa ta buɗe. Ga shi nan ya rusuna, hannu ɗaya a mariƙin ƙofa, ɗaya a gwiwa, idonsa a ƙasa. Ba shawara ya yi ba, ƙafafunsa ne suka kawo shi. Ni ma idona a ƙasa. Tayil ɗin ofishin nan fari ne mai ɗigo-ɗigon baƙi, har yau in aka ba ni fensir zan zana shi. Tunda na kira mutum dole in ce masa wani abu.

"Ba da kai nake ba," na ce.

"To, Alhaji."

Ya ja ƙofar a hankali. Ofisar ta sunkuya tana rubutu, kafaɗunta suna ɗan motsi. Na ce tari ne, lokacin kowa tari yake yi.

Ba ta sallame ni nan take ba. Ta koma kan shingen. Na ce yaron lokacin ko kaciya bai daɗe da warkewa ba, kallo kawai yake zuwa yi, kuma yayana ya yi masa dukan da ya raba shi da shinge har abada, yanzu ko layin banki ba ya tsallakewa. Ta koma kan maganar da na yi cewa ba a sanin abin da ke ransa. Ta ce me nake nufi. Na ga dai yau ba sauran abin da zan koma da shi gida, sai na faɗa mata. Na ce tun da aka yi min aikin nan ba na iya sunkuyawa. Kullum kafin kowace sallah mutumin nan zai zo da ruwa a roba, ya durƙusa ya wanke min ƙafafu, ya goge, ya tashi ya tafi. Bai taɓa cewa komai ba, ban taɓa cewa komai ba. Na ce abin da na sani na ransa ke nan, in bai isa ba ta tambayi wani.

Ta rubuta wannan ma. Ta ce za su sanar da shi.

Muka shiga mota. Direban ya kunna rediyo da yarensu, muka ba shi dukkan hankalinmu kamar muna ji. Da muka kusa gida mutumin ya sa aka tsaya a shagon mamak, masu abincin nan Indiyawa musulmi, ya yi mana tapau, wato aka ƙunsa mana mu tafi da shi. Ya sayo min da shayinsu mai kumfa wanda likita ya hana ni. Na shanye, ban tambayi dalili ba.

Katin ya ɗauki lokaci. Kullum wayarsa ta yi ƙara sai in ga matar ta leƙo daga kicin, ni kuma in ƙara ƙarfin jan carbi kamar ban ji ba. Na rame a kwanakin nan, na ɗora wa abincinsu laifi. Ranar da katin ya fito, shigowa ya yi da shi rataye a wuya da igiya shuɗiya, ya zauna ya ci abinci da shi a wuyan, miya har ta ɗiga a kai.

Ranar tashin ba a bar mu shiga ba, mu ba a tantance mu don wannan ba. Ni da matar muka tsaya a bakin titi, bayan wayar shinge, inda ake hango hanyar jiragen. Rana ta yi zafi, ta tafi wani kedai, ɗan shagon da ke tsallake, ta sayo ruwa. Tana tafiya sai ga wani farin jirgi ya fito ya tsaya a bakin hanya, mutum ɗaya a ciki. Na jingine sanda a waya, na ɗaga hannu biyu. Duk addu'ar da na sani ta tafiya na karanta, na ƙara da ta shiga kasuwa da ta ganin wata, don kada a bar komai. Jirgin ya zabura, ya ɗaga, ya yi ta ƙanƙancewa. Na bi shi da tofi har ya shige gajimare. Takunkumina ya jiƙe sharkaf, kuma ba duka ne gumi ba.

Matar ta dawo tana duba waya. Ta ce ya aiko saƙo, an ɗan jinkirta shi, yana nan ƙasa tukuna, nasa mai ratsin ja ne.

Na karɓi ruwan na sha da yawa don in samu abin yi. Wanda ya san tsufa ya san abin da ke biyo bayan wannan. Na daure, na daure, har na kasa, na lallaɓa bayan wata bishiya can nesa da titi. Ina can, a halin da ba a katsewa, na ji ƙara ta taso ta wuce ta saman kaina, na ji matar tana kira Baba, Baba. Kafin in kintsa in fito da sanda, sama ba kowa.

Saukarsa dai na gani. Mun jira har inuwa ta juya, sai ga mai ratsin ja ya ɓullo ta bayan itatuwan kwakwa, yana layi kaɗan-kaɗan. Ya taɓa ƙasa, ya yi tsalle kamar ɗan akuya, ya sake taɓawa, ya zauna, ya gangara a hankali har ya tsaya. Matar ta zauna a kan dakalin titi ta rufe fuska da mayafi. Ni na tsaya riƙe da wayar shingen har ƙarfen ya yi min shaida a tafin hannu.

Shi kuma wancan na farin jirgin, ban san ko ɗan wane ne ba. Na sa an tambaya. An ce shi ma ya sauka lafiya.